Abin da Ya Dace da Dattijo

Sai da saƙon ya bi ta baki biyu kafin ya iso kunnen Faruƙ. Alhaji Tsoho ya gaya wa matarsa Hajiya Damata, ita ta gaya wa 'yarsu Nimatu a waya, Nimatu kuma ta gaya wa mijinta yana tsaye a bakin famfon kicin yana kankare baƙin mai daga farcensa.

"Baba ya ce motar ta kusa. Saura abu biyu, wai kwambata da haƙoran baya. Ya ce ka zaɓa masa abin da ka ga ya dace."

"Abin da na ga ya dace?"

"Haka Mama ta ce ya ce."

"Bai ƙara komai ba?"

"Faruƙ, gidansu fa ga shi nan bayan kantin magani. Ka taka ka tambaye shi mana."

Ya ci gaba da kankare farcensa. A Bronx aka haifi Nimatu, kunyar surukai dariya take ba ta. Shi kuwa a Tudun Wadan Zariya ya tashi, kuma tun da ya aure ta bai taɓa cin abinci a gaban mahaifinta ba, bai taɓa zama a kan kujera yana ɗakin ba. In sun haɗu sai ya durƙusa ya gaishe shi, idonsa a ƙasa, ya tashi ya nemi hanya. Alhaji ma haka yake. Ko sunan Nimatu ba ya kamawa, don 'yar fari ce, Faruƙ kuma Malam kawai yake kiransa.

Nimatu ta miƙa masa tawul, muryarta ta sauka.

"Likita ya ce hawan jinin idon ya ƙaru. Gefe-gefen ganinsa ne ke tafiya. Ya ce in sanyi ya shigo ya ajiye tuƙi. Wannan bazarar ce kaɗai ta rage masa, ka gane?"

Ya gane.

Motar Chevelle ce ƙirar 1970, ja mai duhu kamar zoɓo. Alhaji Tsoho ya saye ta gawa, ba inji ba kujera, daga wani Ba'italiye a Yonkers, ya ajiye ta a garejin haya bayan gidansu a Soundview. Shekara talatin da wani abu ya yi yana tuƙa tasi, rabinsu a layin jira na filin jirgin saman JFK. Sauran direbobi suna karta da gardamar siyasar gida, shi yana duƙe a kan mujallun mota. Da hannunsa ya haɗa injin, kaɗan-kaɗan, ranakun Lahadi. Abin da ya rage shi ne wanda sai an ɗaga mota sama, sai kuma da kayan awo, kuma surukinsa ne ke da su a garejinsa na Hunts Point.

Kwambata wani ƙarfe ne mai siffar akushi biyu da aka kifa wa juna aka like, cike da mai, yana zaune tsakanin inji da giyabos a motar otomatik. Shi ke yanke lokacin da inji zai ɗauki nauyin mota. Akwai mai kamu da wuri, da ka taɓa totur ya riƙe, mota ta tafi salin-alin. Akwai mai saki, wanda ke barin inji ya hau har inda ƙarfinsa yake kafin ya damƙe, sai mota ta zabura. Haƙoran baya kuwa suna cikin tulun aksil, su ke cewa sau nawa sandar da ta fito daga giyabos za ta juya kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Masu lamba 2.73 na doguwar tafiya ne, inji na gyangyaɗi a babban titi. Masu 4.10 na tashi ne daga tsaye, amma in ka hau babban titi inji zai yi ta ihu kamar ana yanka shi.

Ba a zaɓar waɗannan biyun sai an san mai motar. Duk wanda ya kawo wa Faruƙ irin wannan aikin sai ya zaunar da shi a kan benci ya yi masa tambayoyi. Ina kake zuwa da ita? Kana ɗaukar iyali? Kana shiga filin tsere? Ƙara na damunka? Ya taɓa sallamar wani ɗan Jamaika da ya ce masa, kai dai sa mai kyau. Ya ce da shi babu mai kyau, akwai dai wanda ya dace da kai, kuma ban san ka ba.

Ranar da ya je ɗauko Chevelle ɗin da motar janwe, ya zaɓi lokacin da ya san Alhaji na masallaci.

A gareji suka tayar da injin, shi da abokin sana'arsa Abdul-Fatawu, mutumin unguwar Nima ta Akara a Gana, wanda a Hausarsa mota da mata duk maza ne. Injin ya kama da wani irin gurnani mai tsalle-tsalle, kamar mai tari yana dariya, aikin kamshaf, sandar da ke buɗe wa inji hanyar numfashi. Sufanun da ke kan tebur suka soma rawa.

"Ei!" in ji Abdul-Fatawu. "Masta, ka ji? Wannan kamshaf ba na zuwa asibiti ba ne. Tsoho nan yana so shi tashi sama."

"Ka yi maganarsa da ladabi."

"Ladabi nake yi. Mota nan ya gaya maka komai da bakinshi. Sa mishi kwambata mai saki, na juyi dubu uku da ɗari biyar, sa mishi haƙora fo-ten, ka ga addu'a da zai maka."

"Mutumin da idonsa ke rufewa?"

"To je ka tambaye shi."

"Ba a yin haka."

"Ku 'yan Najeriya! Ni suruki na muna cin waken shinkafa kwano ɗaya, har nama nake sace mishi."

"Shi ya sa ya karɓe 'yarsa."

"Shi ne ya tafi da kanshi, Masta, kar ka ɓata sunan tsoho."

Faruƙ ya yi dariya, amma ya kwana biyu yana juya maganar. Dalilai uku ya samu, kuma dukansu gaskiya ne. Na farko ido: ba a ba mai raunin gani motar da ke zabura. Na biyu mutunci: dattijo mai furfura, mai sahun gaba, bai kamata a ji shi yana ƙona taya a danja kamar ɗan iska ba. Na uku bai gaya wa kowa ba. Kafin ya yi aure duk masallacin Morrisania an san shi da gudu, an san da su ake tseren titi a bayan kasuwar kifi. Har an kai wa Alhaji maganar lokacin neman aure, ya saurara, ya ba shi 'yar duk da haka. Kuma Alhaji ba shi da ɗa namiji. Kowa ya san hannun da mukullin zai faɗa in sanyi ya shigo. In ya sa 4.10, ya san abin da za a faɗa a bakin masallaci: ya gina wa kansa motar tsere da gumin tsoho, yana zaune yana jiran idon ya ƙarasa rufewa.

Mutum na iya tara dalilai nagari ya jera su a gaba, alhali wani can a baya shi ke tura su. Faruƙ ya san wanne ne ke turawa. Ya yi odar kwambata mai kamu da wuri da haƙora 2.73.

Ya kuma san abin da zai biyo baya. Inji mai irin wannan kamshaf ba shi da ƙarfi a ƙasa, in aka ɗora masa nauyi tun bai hau ba sai ya shaƙe. Da suka gama ɗaurawa ya sa giya, motar ta yi tari ta mutu. Sai ya ɗauki sukundireba ya ƙara silo, wato gudun da inji ke yi a tsaye, har ta daina mutuwa. Ya zagaya layi da ita, ƙafa ɗaya a birki ɗaya a totur, ya dawo ya ce ta yi.

Abdul-Fatawu ya dube shi, ya ci gaba da goge hannu. 

Godiya ta dawo ta hanyar da saƙo ya zo. Baba ya ce an gode, Allah ya yi albarka.

Ƙaramar Salla ta faɗo a tsakiyar Yuli, cikin zafin da ke narka kwalta. A wani filin wasa na Morrisania aka yi Idi, kuma tun ana azumi Alhaji Tsoho ya yi wa tsoffin abokan tasinsa alkawarin ranar za su ga motar da suka shekara goma suna jin labarinta. Da aka sallame suka yi mata zobe, shaddodi na ƙyalli, 'yan Gana da 'yan Nijar da 'yan Najeriya, kowa da wayarsa a ɗage. Faruƙ ya tsaya can baya, jikin shingen waya.

Alhaji ya tattare babbar rigarsa ya shiga. Ya murɗa mukulli, injin ya yi gurnani, mutane suka ɗauki kabbara cikin raha. Ya sa giya. Motar ta yi tsalle kaɗan ta mutu.

Ya sake tayarwa. Ta sake mutuwa.

A karo na gaba ya riƙe ta da totur, ta fizga, ta fita titi da nauyi kamar motar shara. Ba ta kai ko'ina ba danja ta tsayar da ita, nan ma ta mutu, bas na bayanta tana ta hon. Sai da matasa suka turo ta gefe.

"Alhaji, ko ita ma azumin ta yi?"

"Shekara goma ana ba ta abinci, ashe ba a koya mata tafiya ba!"

Aka yi dariya, irin ta abokai, ba mugunta a ciki. Sai Malam Ɗanjuma, wani tsohon direba ɗan Maraɗi mai kaifin baki, ya ɗaga murya.

"Tsaya tukuna. Ba surukinka ne ya ƙarasa ta ba? Ina injiniyan? Ai ga shi can!"

Kawuna suka juyo. Idanu suka sauka kan Faruƙ. Kalma ɗaya ta ishe shi, ya ce ni ne. Ya buɗe baki, sai Alhaji ya riga shi, daga cikin motar, ba tare da ya dubi inda yake ba.

"Injiniya ya yi aikinsa. Ni na ce a sa mini kayan tsofaffi. Ƙafar ce ta manta, Ɗanjuma. Tsufa bai gaya maka yana hanya ba? Ya ce daga gidana gidanka zai wuce."

Dariya ta koma kan Malam Ɗanjuma, taro ya watse zuwa cin tuwon Salla. Faruƙ ya rufe bakinsa. Mutumin da ya yi wata guda yana azumi, goshinsa da sauran ƙurar sujada, ya yi ƙarya a gaban jama'a don ya rufa masa asiri, shi kuma ya tsaya jikin shinge ya bar shi ya yi.

Abin da ya kamata shi ne ya je washegari. Bai je ba. Ya ce bari abin ya huce. Ya sauya masallacin Juma'a, ya koma wani na 'yan Gambiya inda ba wanda ya san shi. In zai je gareji sai ya bi doguwar hanya don kada ya wuce ta layinsu. Kunyar da ya tashi da ita yana ganin ta ado ce, sai ga shi ta zama ɗaki mai duhu da yake shiga ya ja ƙofa. Agusta ta shigo ta fita. Motar na lulluɓe da tampol.

Nimatu ce ta gaji. Wata safiya ta ajiye masa shayi da ƙarfi har ya zuba.

"Baba ya daina fita in rana ta yi sanyi. Shekaranjiya ya goge madubin wata mota a layinsu, bai ma gan ta ba. Kullum yana gareji zaune cikin motar nan, ba ya tayar da ita. Mama ta ce har abinci can take kai masa."

"Zan duba."

"Tun Salla kake dubawa. Ni ban gane wannan kunyar taku ba, wallahi. Kai ba ka magana, shi ba ya magana, ni da Mama mun zama gidan waya. Wa take yi wa amfani? Shi dai ba ta yi masa ba."

Ranar Lahadi bayan azahar ya je. Ƙofar garejin na ɗage rabi, an yaye tampol daga gaban motar, Alhaji na zaune a mazaunin direba, hannayensa a kan sitiyari. Faruƙ ya durƙusa a kan siminti kusa da tayar gaba.

"Baba, barka da rana."

"Barka kadai, Malam. Ya iyali?"

"Lafiya lau."

"Ya aiki?"

"Da godiya."

"Madalla."

Gaisuwa ta ƙare, Faruƙ bai tashi ba. Yana kallon wani ɗigon mai a ƙasa. Can Alhaji ya miƙa hannu ya buɗe ɗaya ƙofar, ya kwantar da kujerar gaba.

"Zagayo ka shiga baya."

"Baba?"

"Shiga baya, na ce."

Ya zagaya ya kutsa. Ƙofa biyu ce motar, bayan matsattse ne, gwiwoyinsa suka tokari kujera. Alhaji ya gyara madubi, ya karkatar da shi yadda ba mai ganin idon wani.

"Duk wanda ya zauna nan fasinja ne," in ji shi. "Fasinja kuwa ba abin da ba ya tambayar direba. An tambaye ni ko muna da motoci a Afirka. An tambaye ni mata nawa gare ni. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko ta bar mijinta, tun daga JFK har Brooklyn tana kuka. To, bismilla."

Faruƙ ya dubi ƙeyar tsohon, da hular da ta ɗan karkace, da furfurar da ke ƙasanta. Abin mamaki, sai ya ji harshensa ya saku.

"Baba, ina kuke son zuwa da ita?"

Alhaji ya gyara zama.

"Akwai wani fili a New Jersey. Shekarun baya na kai wani fasinja can, da hular kwano a hannunsa. Na sauke shi, na ce bari in leƙa. Ban koma aiki ba ranar. Mota biyu-biyu suke tsayawa, fitila ta ba su hannu, su miƙe. Ba kwana, ba komai." Ya shafa sitiyarin. "Na ɗauki mutanen da ba su ƙirguwa, Malam. Wannan ya ce direba yi sauri, wancan ya ce direba a hankali. Ban taɓa taka totur har ƙasa don kaina ba. Sau ɗaya nake so."

"Amma idon, Baba..."

"Gefe ne ya tafi. Kamar ina leƙe ta cikin bututu. Gaba kuwa ina gani tar. A filin nan babu gefe. Ba mai tsallaka titi, ba ɗan keke, ba yaro da ƙwallo. A nan layin namu ne nake da haɗari. Wannan da ka sa mini, in na tsaya a danja motar jana take yi, ƙafata ba ta iya riƙe ta. Shi ya sa na sauke silon da ka ɗaga. Na san za ta mutu. Na gwammace ta mutu da ta hau kan wani."

Faruƙ ya runtse ido. Ashe tun ranar farko tsohon ya san abin da aka ɓoye da sukundireba. Ashe kuma abin da ya kira kariya shi ne ya fi kusa da kashe mutum.

"Baba, ni ne na..."

"Ka ji tsoron idona. Da ni ne a matsayinka haka zan yi. Allah ya yi maka albarka."

Ga dalili mai kyau an miƙo masa, a wanke, a goge. Abin da ya rage kawai ya karɓa. Ya so ya ce a'a, ba idonku na ji tsoro ba, bakin mutane na ji, sunana na tsare da bazararku. Amma in ya faɗa, tsohon zai san ana lissafin wanda zai gaji motarsa tun yana raye, kuma surukinsa ma ya yi lissafin, ko da ta bayan gida ne. Wa gaskiyar za ta sauke wa nauyi, wa za ta ɗora wa? Ya kasa rabe ko tausayi ne ya rufe masa baki ko tsohuwar ragwantakar ce ta sake sabon suna. Ya ce amin.

Daga nan maganar ta koma ta ƙarfe, kuma nan suka sami sauƙi. Alhaji ya san tsayin tayarsa, ya san inda kamshaf ɗinsa ke fara ja, ya san nauyin motar da shi a ciki.

"3.73 za ta fi daɗi a hanya, Baba."

"Hanyar me? Wace hanya ta rage mini? Sa 4.10."

"To kwambatan sai mai saki sosai. Kuma yana dafa mai, sai na ƙara ƙaramin lagireto na man giyabos."

"Ka ga, da ka tambaya tun farko ai da mun sha hira."

Ya faɗe ta da dariya. Faruƙ bai iya tayawa ba.

Haƙoran sun zo da wuri, amma irin wannan kwambatan sai an ƙera shi daidai da injin, kuma masu ƙerawa na da layi. Babbar Salla ta wuce yana jira. Ganye ya soma ja. Kullum da safe sai ya duba ko motar kaya ta tsaya, Abdul-Fatawu na cewa, "Masta, kallo ba ya kawo shi." Sai cikin Oktoba akwatin ya iso. Suka ajiye aikin kowa. Faruƙ ya zauna da tulun aksil yana shafa wa haƙoran rawayan fenti, yana juyawa, yana duba inda suke cizon juna, yana kwancewa yana sakewa, har Abdul-Fatawu ya ce ko agogo ake gyarawa ai ya isa haka. Da ya sa giya, motar ta tsaya cak tana gurnani, ba ta ja ba, ba ta mutu ba.

Asabar ta ƙarshe kafin a rufe filin saboda sanyi suka tafi, da hantsi, sararin sama garau, iska na cizo. Alhaji ya ce shi zai tuƙa. Faruƙ ya shiga baya ya zama masa idon gefe, yana cewa hagu ba kowa, dama akwai babbar mota. Suka bi layin masu tafiya a hankali har suka isa.

Masu duba mota suka leƙa ƙarƙashi, suka dubi lasisi, suka rubuta lamba a gilashi da farin alli. Wani Bature mai jan gemu ya dubi kaftanin Alhaji, ya dubi injin, ya ɗaga masa babban yatsa. Alhaji ya cire hularsa ya miƙa wa Faruƙ, ya sa hular kwano ta aro. Shi kaɗai ake bari a ciki. Faruƙ ya koma jikin shinge, hular a hannunsa.

Aka haɗa shi da wani saurayi mai farar mota. Fitilun na kan wani dogon ƙarfe tsakanin layukan biyu, gaba kaɗan, ta gefe. Direba na kallon hanya ne, ya tsinci fitila da wutsiyar ido. Rawaya ta sauko, kore ya kama, farar motar ta tafi.

Chevelle ba ta motsa ba.

Faruƙ ya ga hular kwanon tana juyawa a hankali, tana neman ƙarfen fitilun, ta wuce shi, ta dawo. Wani a bayansa ya yi tsaki ya ce kakan wa ya ɓata hanya. A watan Yuni, lokacin da tsohon ke tuƙa kansa ko'ina har bayan magariba, da wutsiyar idon nan ta ishe shi. Faruƙ ya damƙe hular da ke hannunsa har ta lanƙwashe.

Hular kwanon ta tsaya. Ta ga kore. Ta koma ta fuskanci hanya.

Injin ya hau, ya hau, kamar ba zai kama ba, sai kwambatan ya damƙe. Bayan motar ya durƙusa, hancinta ya ɗaga, ta fita da wata ƙara da Faruƙ ya ji a haƙoransa. Ta miƙe sak. Ya ji giya ta biyu ta shiga, ya ji ta uku, kuma har ta kai ƙarshe sautin bai sauka ba. Ƙafar na ƙasa. Mai tsakin ya ce wani abu da Turanci wanda ba a maimaitawa.

Farar motar ta daɗe da isa. Ba wanda ya kula.

Alhaji ya dawo ta hanyar gefe a hankali, ya tsaya, ya kashe inji. Faruƙ ya taimaka masa ya cire hular kwanon. Fuskar tsohon a jiƙe take.

"Ta tashi?"

"Ta tashi, Baba. Har gabanta ya ɗaga."

"Na ji ta a bayana." Ya karɓi hularsa, ya buɗa ta da yatsu, ya sa. "Fitilar ce ban gani ba sai da na neme ta."

Ba ƙorafi a muryarsa, labari kawai ya bayar. Faruƙ ya sunkuyar da kai.

"Akwai sauran lokaci, Baba. In kuna so ku sake, zan roƙe su in tsaya inda za ku gan ni, in ɗaga hannu."

"A'a, Malam. Na taka."

Ya fito, ya dafa rufin motar, ya zagaya ta gaba yana bin ta da tafin hannu, ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna. Mukullin na jikinta. Faruƙ ya tsaya yana kallon mazaunin direba, sannan ya shiga. Bai taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da surukinsa ba.

Suka hau babban titi. Alhaji bai san inda zai sa hannayensa ba, ya ɗora su a cinya, ya mayar kan ƙirji, ya kama hannun ƙofa. Duk motar da ta rage gudu a gabansu sai ƙafarsa ta dama ta danna ƙasa inda babu birki. Maganar da Faruƙ bai faɗa ba a gareji tana nan a bakinsa, kuma hanyar Bronx da nisa. Amma da haƙoran 4.10 injin ihu yake yi, ko ya faɗa ba za a ji ba. Ya ji daɗin haka, sannan ya ji kunyar daɗin da ya ji, ya riƙe sitiyari ya ci gaba da tuƙi.